Yadda Jami'o'in Amurka Suka Kai Likitanci Karkara da Unguwannin Talakawa

Shirye-shiryen da jami'o'in Amurka ke gudanarwa da kuɗin tallafi domin horar da ma'aikatan lafiya da kula da yankunan da ke fama da ƙarancin likitoci sun samo asali ne daga giɓin da gyaran karatun likitanci ya bari. A 1910 Abraham Flexner ya fitar da rahotonsa, wanda Gidauniyar Carnegie ta ɗauki nauyi, bayan ya zagaya makarantun likitanci 155 a Amurka da Kanada. Rahoton ya ɗaukaka darajar karatun, amma ya jawo rufe ƙananan makarantu da dama. Daga cikin bakwai da ke horar da baƙar fata, Howard da Meharry kaɗai suka tsira. Karatu ya tattare a manyan asibitocin koyarwa na birane, likitocin da aka yaye kuma suka zauna inda suka yi karatu.

Gwamnatin tarayya ta shigo da kuɗinta a 1963 da dokar tallafa wa karatun ma'aikatan lafiya, sannan a 1964 da ta horar da ma'aikatan jinya. A lokacin an ɗauka cewa matsalar ta yawa ce, wato in likitoci suka ƙaru za su malala har ƙauyuka. Sun ƙaru, amma ba su malala ba. Daga nan hankalin masu wannan fage ya koma kan rabo: wane ne ake ɗauka, a ina ake koyar da shi, kuma ina zai zauna bayan ya gama.

Gwajin da ya fi suna shi ne na Jami'ar Tufts. A 1965 likitoci biyu, Jack Geiger da Count Gibson, suka samu tallafi daga ofishin yaƙi da talauci na gwamnatin Shugaba Johnson, suka buɗe cibiyar lafiya a Columbia Point da ke Boston, sannan wata a Mound Bayou, garin baƙar fata a jihar Mississippi. Geiger ya koyo tsarin ne tun yana ɗalibi a Pholela ta Afirka ta Kudu, wurin Sidney da Emily Kark, waɗanda suka ɗauki dukan al'umma a matsayin majinyacinsu. A Mound Bayou ana kawo yara masu tamowa, sai likitoci suka riƙa rubuta musu madara da nama da kayan lambu a takardar magani. Iyaye su karɓa a shagon gari, cibiya ta biya daga kasafin magunguna. Da jami'ai suka yi ƙorafi, Geiger ya tuna musu cewa a littattafan likitanci ma maganin yunwa abinci ne. Ma'aikatan cibiyar sun haƙa rijiyoyi, sun gina masai, sun taimaka an kafa gonar haɗin gwiwa. Irin waɗannan cibiyoyi a yau suna duba mutum sama da miliyan 30 a shekara.

A 1970 wani kwamitin Carnegie kan ilimi mai zurfi ya ba da shawarar a kafa cibiyoyin koyarwa a yankuna masu nisa da jami'a. Majalisar Dokoki ta amince a 1971, a 1972 kuma jami'o'i 11 suka karɓi kuɗin farko na shirin da ake kira AHEC. Tsarinsa mai sauƙi ne: jami'a ta karɓi tallafi, ta miƙa kaso mai tsoka ga cibiyar yanki, cibiyar ta nemo likitocin gari da za su riƙe ɗalibai na wasu makonni, ta samar musu masauki, ta kuma shirya wa ma'aikatan da ke bakin aiki kwasa-kwasan ƙara ilimi. Jihar North Carolina ta zuba kuɗinta a 1974 ta game ko'ina da shirin, shi ya sa nata ya zama abin misali.

Jami'ar Washington da ke Seattle ta bi wata hanyar. A lokacin jihohin Alaska da Montana da Idaho ba su da kwalejin likitanci, don haka a 1971 aka fara shirin WAMI, inda ɗalibi zai fara karatu a jami'ar jiharsa, ya kuma yi wani ɓangare na aikin asibiti a ƙananan garuruwa. Wyoming ta shigo a 1996, sunan ya zama WWAMI. Kwalejin Jefferson da ke Philadelphia kuwa tun 1974 ta ware gurabe ga waɗanda suka tashi a karkara kuma suke da niyyar zama likitocin iyali. Bin diddigin da aka yi na shekaru ya nuna cewa su ne suka fi komawa karkara, suka fi daɗewa a can. Wannan ne darasin da fagen ya fi amincewa da shi, wato da ɗan gari akan ci gari.

Akwai kuma hanyar bashi. Wata doka ta 1970 ta kafa rundunar ma'aikatan lafiya ta ƙasa, wadda ke biya wa ɗalibi kuɗin makaranta, shi kuma ya biya da aiki a yankin da ke da ƙarancin likitoci, shekara guda kan kowace shekarar tallafi, mafi ƙaranci biyu. A 1987 aka ƙara tsarin biya wa waɗanda suka gama bashin karatunsu. Ana ayyana yanki a matsayin mai ƙarancin likitoci ne idan likitan matakin farko ɗaya ke duba mutum 3,500 ko fiye. Raunin hanyar sananne ne: wasu da wa'adi ya cika sai su tattara kayansu.

Babban ciwon kan masu tafiyar da shirye-shiryen shi ne wa'adin tallafi. Hukumar HRSA ta gwamnatin tarayya, wadda aka kafa a 1982, takan ba da kuɗi na 'yan shekaru, alhali daga ɗaukar ɗalibi zuwa zamansa cikakken likitan iyali shekara bakwai ce. Saboda haka sau da yawa ana neman shaidar nasara tun shuka ba ta tsiro ba, kuma lokaci mai yawa na tafiya wajen ƙirga ɗalibai da rubuta takardar neman sabuntawa.

Tsarin ya ƙetara zuwa Afirka a 2010 da shirin MEPI, wanda ya ware kimanin dala miliyan 130 na shekara biyar ga makarantun likitanci. A Najeriya Jami'ar Ibadan ce ta jagoranta, tare da wasu da suka haɗa da Ahmadu Bello ta Zariya da ta Jos da ta Maiduguri. A Amurka dai, wasu shirye-shiryen da suka kai shekara 50 suna aiki, irin na North Carolina da WWAMI, jihohi ne suka sa su a cikin kasafinsu bayan tallafin farko ya ƙare.