Itacen wa? Dokar daji a Adar da kwarin Majiya

A shekarar 1972 wata mujallar shari'a da ɗalibai ke gudanarwa a Jami'ar Kudancin Kalifoniya ta Amurka ta buga maƙalar Christopher Stone, inda ya tambaya ko itace na da haƙƙin a shigar da ƙara da sunansa. A Adar tambayar ta ɗauki wani salo: itacen da ke tsaye cikin gona, na wane ne?

Dokar gandun daji ta Nijar ta 4 ga Maris 1974, wadda ta gaji ruhin dokokin Turawan mulkin mallaka, ta sa wasu itatuwa, irin su gawo, ƙarƙashin kariyar hukuma. Manomin da ya sare reshe ba da izini ba yana iya fuskantar tara, ko da a gonar kakansa ne. Don haka da yawa suka gwammace su tumɓuke tsiro tun yana ƙarami, kafin ya girma ya jawo musu ma'aikacin gandun daji. Dokar da aka yi domin kare itace sai ta zama dalilin ƙinsa.

A 1975, bayan babban fari, ma'aikatar gandun daji ta Buza da ƙungiyar CARE suka soma dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya domin tare iskar da ke kwashe ƙasar noma. Mutanen ƙauyuka suka yi aikin, itatuwa suka kama. Da lokacin sassabe su ya zo aka ga inda gizo ke saƙa. Mai gona ya ce inuwar ta ci masa hatsi, don haka icen nasa ne. Waɗanda suka yi dashe suka ce guminsu ne. Hukuma kuwa tana riƙe da takardarta. Sai da aka kafa kwamitocin ƙauye aka sami hanyar rabo.

Keita ta ga irin wannan a fage mafi faɗi. Aikin da aka ƙaddamar a 1984 da kuɗin Italiya da taimakon FAO ya farfaɗo da faƙo da tuddai, kuma mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun, ana biyan su da abinci. Amma faƙon da ba mai kula da shi jiya, da ya yi kore sai ya sami masu shi, har da makiyayan da suka daɗe suna bi ta wurin da dabbobinsu.

Doka ta biyo baya a hankali. Ƙa'idojin tsarin karkara na 2 ga Maris 1993 suka samar da kwamitocin kula da filaye, aka sabunta dokar daji a 2004. Sai a 2020 wani ƙudurin gwamnati ya fayyace haƙƙin manomi a kan itacen da ya raina da hannunsa cikin gonarsa, shekara 45 bayan dashen farko na Majiya.