Lokacin da Tele ta Shiga Aji a Yamai

Yawancin masu kunna Télé Sahel da daddare don jin labarai ba su san cewa gidan nan a lakwal ya yi rarrafe ba. Shekara goma sha biyar kafin a buɗe shi a matsayin talabijin ta ƙasa a 1979, kyamarorin Yamai aiki ɗaya suka sani: koya wa yaran firamare magana da karatu da lissafi. Télé-Niger ake kiran shirin, kuma duk mai yi mana wa'azin kwamfuta a aji yau ya kamata ya fara sanin labarinsa.

Da Nijar ta sami 'yancin kai a 1960, yaran da ke zuwa lakwal ba su kai biyar cikin ɗari ba. Malamai kuwa sai an tona. Shugaba Diori Hamani tsohon mushe ne, ya san cewa in aka ce sai an horar da malamai isassu a bisa tsarin da Faransa ta bari, yaran za su yi furfura suna jira. Rediyo ta riga ta nuna hanya, don tun 1962 ƙungiyoyin sauraron rediyo ke tara manya a ƙauyuka, su ji shiri su tattauna, a naɗi muryarsu a mayar Yamai. Sai aka ce a gwada hoto da yara. Da kuɗi da ma'aikatan Faransa, ƙarƙashin jagorancin Max Egly, aka fara da aji biyu a 1964. A 1966 aka ƙara ashirin a kewayen birnin, yara wajen 800 ke nan gaba ɗaya.

Abin da ya bambanta ajin tele da ajin gwamnati ya wuce akwatin da ke gaban ɗaki. A ajin da aka saba, mushe na tsaye da alli a hannu da tsumagiya a kusa, ya faɗa a maimaita, wanda ya yi Zabarmanci ko Hausa ya sha hukunci. A ajin tele kuwa, shiri huɗu ake watsawa a rana, kowanne bai cika kwata ba. Sauran yinin na yara ne. Za a nuna musu ɗan wasan kwaikwayo ko zane mai motsi, akwatin ya yi shiru, sai su tashi su kwaikwayi abin da suka gani, wannan mai saye, wancan mai sayarwa, su yi gardama, su zana, su ƙirga da tsakuwa da kara. Mai kula da su ba cikakken malami ba ne. Saurayi ne mai satifikan firamare da horon 'yan watanni, aikinsa ya tsokano magana ya bar ta ta gudana. Ba a maimaita aji, ba a korar kowa don ya faɗi jarrabawa, kuma kaɗan ne ƙwarai suka gudu.

Inda na fi ganin hikimar shirin shi ne bayan kyamara. A ɗakin shirye-shirye akwai malamai da masu zane da masu nazarin halayyar yara, suna bin azuzuwa suna duba abin da yaro ya gane da abin da ya shige masa duhu. Yaron da bai taɓa ganin hoto a takarda ba, ba lalle ya ɗauki zanen kan saniya a matsayin saniya ba. Irin wannan sai an zauna kusa da shi ake ganewa. Abin da aka gani a aji shi ke komawa ya gyara shiri na gaba. Da zancen ƙauyukan da ba lantarki ya taso, sai aka juya ga rana: a 1968 aka kafa faifan sola don kunna talabijin ɗin wata makaranta kusa da Yamai, kuma kafin ƙarshen shirin makarantu fiye da ɗari da rana suke kallo. Wannan fa tun duniya ba ta san sola a bakin titi ba.

To me ya hana shi yaɗuwa? Na farko, an gina shi a gefen ma'aikatar ilimi, kamar ɗakin baƙo a bayan gida. Sufetoci da malaman da suka sha wahalar makarantar horo ba su ga dalilin yaba tsarin da ke cewa mai satifika zai iya aikinsu ba. Na biyu, jarrabawa ba ta canza ba. Yaran tele bakinsu ya buɗe, suna Faransanci ba tsoro, amma ƙofar kwaleji dikte take tambaya da nahawu, kuma nan suka fi rauni. Na uku, shekara da shekaru rukuni ɗaya ake bi, azuzuwa ashirin da biyu, ga tsadar gidan talabijin sukutum a kansu. Sai a farkon shekarun 1970 aka faɗaɗa zuwa azuzuwa ɗari da 'yan kai, lokacin kuwa fari ya riga ya kama ƙasa, sojoji suka karɓi mulki a Afrilun 1974.

Akwai kuma abin da masu shirin ba su taɓa ba: harshe. Duk 'yancin da aka ba yaro na ya yi magana, da Faransanci aka ba shi. A shekarar da aka kunna akwatin farko, Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa yanzu, ya fitar da littafinsa kan ilimi a Afirka yana kira da a koyar da yara da harsunansu. Sai 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko da Hausa a Damagaram, ita kuma ba tele. Gyara biyu da ya kamata su haɗu, kowanne ya kama hanyarsa.

Kodebuwa ta ɗauki dabarar ta yi mata babban gida a Bouaké a 1971, ta rufe a farkon shekarun 1980. Nijar ta riga ta rufe nata: gwamnatin soja ta Seyni Kountché ta mai da kayan aikin gidan talabijin na kowa da kowa.

Na'urar da ta sake shiga karatu da ƙarfi daga baya ba wanda ya tsara mata hakan. Salula ce. A 2009 da 2010, a ƙauyuka sama da ɗari na jihohin Doso da Damagaram, an gwada ta a azuzuwan yaƙi da jahilci, ƙarƙashin shirin ABC da Jenny Aker ta jami'ar Tufts ta bi da bincike. Rabin ƙauyukan an ba su wayoyi na talaka, ɗaya ga mutum biyar, aka koya musu rubuta saƙo da Hausa ko Zabarmanci. Waɗannan sun fi sauran maki a rubutu da lissafi. Dalilin a fili yake: wanda ke son sanin farashin gero a kasuwar gaba, ko aika wa ɗansa da ke ci-rani saƙo, ba ya bukatar a tuna masa ya yi bita.

Tun daga nan an sha raba kwamfutocin hannu a wasu makarantu, an sha yanka kintinkiri. Amma binciken PASEC na 2014 ya nuna cewa yaran da ke kammala firamare a Nijar da karatu mai gamsarwa ba su kai ɗaya cikin goma ba, ko da yake na 2019 ya nuna an ɗaga. Da korona ta rufe makarantu daga Maris zuwa farkon Yunin 2020, mafi yawan yara zama kawai suka yi, a ƙasar da masu lantarki a gida ba su fi ɗaya cikin biyar ba. A ganina, kayan da ake rabawa yanzu sun fi na 1964 nesa ba kusa ba, sai dai suna zuwa ba tare da mutanen nan masu zama a bayan aji suna kallon fuskar yaro ba. Wannan aiki yau yana wuyan cibiyar nazarin koyarwa ta INDRAP da makarantun horar da malamai, kuma kason da ake ware musu a irin waɗannan shirye-shirye shi ya kamata iyayen yara su riƙa tambaya kafin a sauke kwalaye daga mota.