Tarihin Kamo Tashoshin Nesa a Ƙasar Dogon Daji

Kamo tashar nesa shi ne sauraron gidan rediyon da ke ɗaruruwa ko dubban kilomita daga inda mai akwatin yake zaune, ta matsakaicin zango ko gajeren zango. A ƙasashen Turai da Amurka abin sha'awa ne na 'yan tsiraru, masu kwana suna farautar murya daga wata nahiya, har wasunsu kan tafi tsibiran tekun Fasifik don kawai su ji abin da dare zai kawo musu daga Japan ko gaɓar Amurka. A Dogon Daji da Tambuwal da Kebbe, kudancin Jihar Sakkwato, abin bai taɓa zama wasa ba. Shekaru da dama ita ce hanyar da labarin duniya yake isowa, domin yankin ba shi da tasha ta kansa, duk muryar da ta fito daga akwati baƙuwa ce da ta sha tafiya.

Dogon Daji yana kan hanyar Sakkwato zuwa Jega, cikin ƙaramar hukumar Tambuwal, Kebbe kuma tana can kudu, inda jihar ta yi iyaka da Kebbi da Zamfara. Daga nan zuwa Kaduna, in aka miƙe kamar tafiyar tsuntsu, ya haura kilomita 300. Yamai, babban birnin Nijar, ta ɗan fi Kaduna kusa. Wannan zaman na tsaka-tsaki shi ya sa kunnen mutanen yankin ya saba da tashoshi barkatai tun da wuri.

Rediyo ya shigo Najeriya ta waya. A shekarun 1930 Turawan mulki suka fara ja wa masu biyan kuɗi waya zuwa gida a Legas, a rataye musu akwati mai magana, Kano kuma ta samu nata a 1944. Irin wannan akwati na birni ne, ba ya zuwa inda waya ba ta kai ba, don haka ƙauye bai amfana ba. Abin da ya buɗe wa karkara ƙofa shi ne ƙaramin rediyon transisto mai aiki da batir, wanda aka fara sayarwa a Amurka a 1954, kamfanonin Japan kuma suka cika kasuwannin duniya da shi cikin 'yan shekaru. Fatake da alhazai da 'yan cirani su suka riƙa shigo da shi garuruwa irin su Dogon Daji, a ɗinka masa riga ta fata ko ta yadi, a rataya a kafaɗa zuwa gona.

Akwatin ya tarar da abin saurare. Ranar 13 ga Maris 1957 BBC ta fara magana da Hausa daga Landan, da muryar Aminu Abdullahi Malumfashi, shirin minti 15 kacal. Rediyon Nijar ya buɗe a 1958, daga baya a 1974 aka sa masa suna Muryar Sahel. A 1962 gwamnatin Sardauna ta kafa gidan rediyo da talabijin na Kaduna. Jamus da Sin suka bi sahu da sassan Hausa a shekarun 1960, Masko da Alƙahira ma suna yi, Muryar Amurka ta shigo a 1979, Faransa kuwa sai 2007. Gasar manyan ƙasashe ce ta kawo yawancinsu, kowa na neman kunnen Bahaushe, amma manomin Kebbe ya ci ribar gasar, tunda ya samu bakuna da yawa da zai gwada maganarsu.

Duk wanda ya riƙe rediyo a yankin ya san cewa tashar da ta ɓace da hantsi takan dawo bayan magariba. Dalilin yana sama. Saƙon matsakaicin zango hanya biyu yake bi: ɗaya ta bin doron ƙasa, ɗaya ta tashi sama. Mai bin ƙasa yana son laima. A kan ruwan teku yakan yi tafiya mai nisa ƙwarai, shi ya sa mazauna tsibirai suke jin abin mamaki, amma busasshen jigawa irin na ƙasar Sakkwato yana shanye shi da wuri. Wanda ya tashi sama kuma yakan tarar da wasu shimfiɗu na iska da zafin rana ya cika da lantarki. Ta ƙasansu, wadda ke tsakanin kilomita 60 zuwa 90, tana haɗiye saƙon muddin rana na sama. Da rana ta faɗi sai ta watse, saƙon ya wuce zuwa shimfiɗar da ke samanta, ita kuma ta maido shi ƙasa can nesa, kamar yadda dutse ke maido da amo. Masana biyu, Kennelly da Heaviside, suka yi hasashen haka a 1902, Appleton ya tabbatar da shi a Ingila a 1924. Tsohon da ke cewa yara su bari sai an yi isha'i kafin a nemi Kaduna bai san sunayen nan ba, amma ilimin da yake aiki da shi ɗaya ne, kuma da kunnensa ya same shi.

Haka ma sauyin yanayi. Da damina kowace walƙiya, ko da hadarin yana Yawuri, sai ta shigo akwati da ƙara kamar ana suya. Da hunturu sama ta yi tsit, dare ya yi tsawo, tashoshi su fito garau har su riƙa hawa kan juna. Muryar da ke ƙaruwa tana raguwa, wadda ake cewa iska ce ke ɗauke ta, saƙo biyu ne na tasha ɗaya suka iso ta hanyoyi dabam, wani lokaci su haɗu su ƙarfafa juna, wani lokaci su kashe juna.

Dabarun da aka ƙirƙiro ba su da iyaka. A ɗaura siririyar waya a jikin eriya a jefa ɗaya bakin kan dogon yaro. A juya akwatin kansa sannu a hankali, domin eriyar matsakaicin zango sanda ce da ke kwance a ciki, kuma tana da gefen da ta fi ji. A shanya batir a rana don ya ƙara kwana biyu. Mai shayi da mai gyaran rediyo na ranar kasuwa su ne malaman wannan fanni, su suka san inda allura za ta tsaya a mita 49 ko 31 ko 19, da lokacin da kowace ke buɗewa.

Kaduna ce uwa. A wancan zamani shirinta na Hausa yana fita a kilohaz 594 na matsakaicin zango da 6090 na gajeren zango, wato mita 49. Ta nan aka ji Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Shata da Ɗan Anace, ta nan aka saurari Samanja, ta nan gaisuwar Zaɓi Sonka ta haɗa mutanen da ba su taɓa ganin juna ba. Tafsirin Sheikh Abubakar Gumi na watan azumi, daga masallacin Sultan Bello, ya shiga zaurukan ƙasar Sakkwato ta wannan hanya, ya tayar da muhawarar da ta daɗe ana yi. Rima Rediyo ta Sakkwato ta kawo labarin gida da harshen gida, kuma tana da nata matsayi, sai dai duk ranar da ƙasa ta rikice kowa nesa yake nema. Ranar 15 ga Janairu 1966 daga Kaduna Manjo Nzeogwu ya yi jawabinsa bayan kashe Sardauna. Ranar 31 ga Disamba 1983 muryar Sani Abacha ce ta sanar da kifar da gwamnatin Shehu Shagari, wanda garinsu yana kan wannan hanya ta Sakkwato. A irin waɗannan ranaku gidajen gwamnati kiɗan soja suke sakawa, sai a jira Landan. Ɗabi'ar nan ta jin tasha uku kafin a gaskata labari ɗaya, a ganin mai wannan rubutu, ita ce gado mafi daraja da zamanin ya bari.

Abin da masu sauraro da yawa ba su lura da shi ba shi ne, Landan ɗin da suke ji sau da yawa daga tsibiri take zuwa. A 1966 BBC ta kafa tashar miƙa saƙo a Asenshan, wani ɗan tsibiri mai duwatsu a tsakiyar tekun Atlantika, wajen kilomita 3,000 daga Dogon Daji. Jamus ta kafa tata a Kigali a 1965. Muryar Amurka ta dogara da Laberiya har yaƙin basasa ya lalata tashar a 1990, sai ta gina wata a tsibirin Sawo Tome, fiye da kilomita 1,300 kudu da Tambuwal, mai watsawa a lokacin har a kilohaz 1530 na matsakaicin zango, wadda dare kan ɗauko ta ya kawo arewa.

A 1992 aka ba 'yan kasuwa damar buɗe gidajen rediyo a Najeriya, tashoshin FM suka yawaita. Muryarsu tas take, amma saƙonsu ba ya dawowa daga sama, iyakarsa inda doguwar eriya ta hango, don haka garuruwan da ke nesa da birni ba su yar da tsohon akwati ba. Hanin da hukumar kula da gidajen rediyo ta yi a 2004, na saka labaran ƙetare kai tsaye a tashoshin gida, ya ƙara wa gajeren zango kwana. Wayar hannu ce ta fi yi masa illa, matasa suka koma Facebook da WhatsApp, masu watsawa kuma suka fara rufe tashoshi don tsadar wuta. Ta Kigali ta daina aiki a 2015.

A Satumban 2021, saboda 'yan bindiga, aka katse layukan waya a duk Zamfara da ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato. Inda abin ya shafa, waya ta zama fitila kawai, aka kakkaɓe ƙurar akwatunan da aka jingine, aka nemi batir. A Maris 2025 kuma gwamnatin Amurka ta dakatar da ma'aikatan Muryar Amurka, sashen Hausa ya yi shiru bayan shekara 46, masu sauraro suka murɗa zuwa inda suka saba da asuba ba su tarar da labarai ba.