Binciken Damuwar Aiki: Daga Ƙauyukan Aro Zuwa Gonakin Minjibir

Duk wanda ya shigo fagen nan namu na binciken damuwa da lafiyar ƙwaƙwalwa a Najeriya, sunan Aro zai fara ji daga bakin malamansa. A 1954 ne Dakta Thomas Adeoye Lambo ya ɓullo da tsarin da ya sa duniya ta waiwayi Abekuta. Maimakon a kulle mai taɓin hankali a ɗaki, sai a sauke shi a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro, da wani nasa yana jinyarsa, ya je karɓar magani da rana, ya kwana cikin mutane. Lambo ya kuma jawo masu maganin gargajiya a jika. Daga nan ya haɗa kai da Alexander Leighton na Jami'ar Cornell ta Amurka, suka bi ƙauyukan Yarbawa a 1961, suka fitar da littafinsu a 1963. Babban haɗin gwiwarmu na farko ke nan, kuma a ƙauye aka yi shi, da ɗan ƙasa a sahun gaba.

Amma reshen da ya shafi wurin aiki ta wata ƙofa ya shigo mana. A 1979 Robert Karasek ya nuna cewa yawan aiki kaɗai ba shi ke karya mutum ba, sai idan an ɗora masa da yawa kuma an hana shi ta cewa kan yadda zai yi. A 1981 ma'aunin Christina Maslach ya fito don gano ma'aikacin da aiki ya tatse shi har ya daina jin tausayin waɗanda yake wa hidima. A 1996 Johannes Siegrist ya ƙaro da batun wanda ke zuba ƙarfinsa amma sakayya ta gaza. Ilimi ne mai kyau, har yau muna cin moriyarsa. Sai dai a masana'antu da ofisoshin Turai da Amurka aka gina shi, inda ma'aikaci ke da takardar ɗauka, da albashin wata, da hutun shekara.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ga giɓin, har ta fitar da ɗan littafi a 2007 kan damuwar aiki a ƙasashe masu tasowa. A 2022 ita da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka ce ciwon damuwa da fargaba na cinye ranakun aiki biliyan 12 a kowace shekara. Mu kuwa a nan, da takardun tambayoyin suka iso, wa muka nufa da su? Likitoci, ma'aikatan jinya, malaman jami'a, ma'aikatan banki. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: suna jin Turanci, suna gini ɗaya, ɗalibi mai ƙaramin guzuri zai raba takardunsa da safe ya tattara kafin la'asar. Ba na raina wahalarsu. Na ga ma'aikaciyar jinya ita kaɗai a ɗakin haihuwa da dare, da fitilar waya a baki, hannayenta biyu na aiki. Amma mafi yawan masu neman abinci a Jihar Kano ba su da albashi, kuma su ne binciken ya tsallake.

A ɗauki Minjibir. Tana cikin karkarar nan mai cunkoso da Michael Mortimore ya yi rubutu a kanta tun 1965, inda ake noma gona kowace shekara ba a bar ta ta huta ba, ana ciyar da ita da takin gida, gado kuma na ƙara yanka ta duk lokacin da aka yi rasuwa. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum sama da 200,000. To, zauna a zauren wani dattijo a Kunya ko Wasai ka buɗe takardarka. Tambaya ta ce: shugabanka a wurin aiki yana sauraronka? Ta gaba ta ce: kana da damar ƙarin girma? Zai saurare ka da ladabi, ya ce, “Yaro, ai sai godiyar Allah,” kai kuma ka cike gurbi ka wuce, alhali ba ka taɓo komai ba. A ma'aunin Karasek ma, wannan dattijo ya fi kowa 'yanci, tunda ba mai ba shi umarni. Amma ba shi da iko kan saukar damina, ko kuɗin buhun taki, ko farashin da wake zai yi ranar da bashi ya tilasta masa kai shi kasuwa da kaka, lokacin da ya fi arha.

Ajiye takardar ka tambaye shi barcinsa, sai magana ta fito. Yana farkawa tun kafin kiran assalatu yana lissafi: ruwa ya ɗauke bayan shuka ta tsiro, wuta-wuta ta kama gero, ga auren 'ya an sa rana, ga ɗan da ya tafi ci-rani shiru. Mai noman rani a bakin dam ɗin Wasai, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kowace lita da zai zuba wa injin ban ruwa sai ya auna ta da abincin gida. A asibiti kuwa ba zai ce damuwa ke cinsa ba. Zai ce ciwon kai, ko faɗuwar gaba, ko jiki ya mutu, a ba shi maganin zazzaɓi ya koma.

A cikin gida akwai wata ma'aikatar da ba a lissafa ta. Matar da ke surfe da daka, ta soya ƙuli-ƙuli, ta tatsi man gyaɗa, ta ɗora wa yarinya talla, tana goyo, tana zubin adashi, ba ta da ranar hutu. Namiji mai bincike ba zai wuce zaure ba, don haka duk aikin da ba a ɗauki mata masu tambaya ba, rabin garin ya bari a baya. Sai kuma matasa 'yan ƙwadago da 'yan acaɓa, waɗanda da yawansu suka fara shan tiramol don su jure aikin yini, ba don nishaɗi ba. Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta masu ta'ammali da ƙwaya a Jihar Kano sun haura miliyan 1. Mun bar wannan a hannun 'yan sanda da masu wa'azi, alhali wani ɓangarensa maganar aiki ce tsantsa.

Akwai waɗanda suka nuna hanya. A 2004 Mohammed Kabir, Zubairu Iliyasu, Isa Abubakar da Muktar Aliyu suka buga abin da suka ji daga mutum 250 a garin Karfi. Kashi 34 cikin 100 na amsoshin sun ɗora taɓin hankali kan shaye-shaye, kashi 18 kan sihiri da iskoki, kusan kashi 46 na mutanen kuma sun ce asibiti suka fi so a kai mara lafiya. Wannan ya rushe zancen da ake yawan yi cewa mutumin karkara ba ya son likita. Yana so, nisa da tsada ne suka tare shi.

A Minjibir ɗin kanta ma akwai abin koyi. Cibiyar binciken noma ta IITA tana da gonar gwaji a can, inda B. B. Singh da abokan aikinsa suka shafe shekaru kan irin wake. Ba su tsaya a gonarsu ba. Sun kai irin gonakin manoma, aka gwada layi 2 na hatsi da layi 4 na wake, manomi ya duba da idonsa, ya karɓa ko ya ƙi. Haka ya kamata namu ya zama. Haɗin gwiwar da ake tsara tambaya a Landan, a aiko mana mu fassara, mu tattara amsa, mu mayar, ba haɗin gwiwa ba ne, aike ne.

Yanzu doka ta ba mu ƙafar tsayawa. A Janairun 2023 aka sa hannu kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Tun 2010 kuma akwai jagorar mhGAP da ke koya wa ƙaramin ma'aikacin lafiya gane ciwon damuwa da ba da taimakon farko, ba sai an kai mutum asibitin masu taɓin hankali na Dawanau ba.

Kirana ga malamanmu na Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da abokan hulɗarmu na waje: bincike na gaba a faro shi daga zauren dagaci. A zauna da manoma da masunta da masaƙa da mata masu sana'ar gida kafin a rubuta tambaya ko ɗaya. A yi tambayar sau biyu, cikin watan Agusta da rumbu ya yi ƙasa, da kuma bayan kaka. A horar da ma'aikacin asibitin garin kafin a fara, don wanda aka samu cikin matsala ya san inda za shi. In an gama, a dawo Minjibir a karanta wa mutane sakamakon da Hausa.