Daga Kwalin Bata Zuwa Kotun Tafi-da-gidanka: Takardun Da Ake Nema Kafin a Kunna Kyamara

Yau tarihin fim zan taɓo, amma ba na jarumai ko waƙoƙi ba. Takarda zan yi magana a kai. Don na lura yawancin rigimar da ta kai 'yan fim ɗin Kano gaban alƙali, tun kafin a fita lokeshin aka shuka ta.

Mu fara daga Bata. Wanda bai san Kano ba, Bata tana nan tsakanin Fagge da Sabon Gari, kuma sunan daga shagon kamfanin takalma na Bata ya samo asali. Takalmi ya ba wurin suna, kaset ya ba shi tarihi. Bayan ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, finafinan Hausa sun faɗa hannun dilolin kaset na Bata da Ƙofar Wambai, mutanen da dama can sana'arsu kwafar finafinan Indiya da na Amurka ce.

To ya cinikin yake? Furodusa zai gama fim, ya je maɗaba'a ya buga kwali, wato murfin kaset mai hoton jarumai. Sai ya kai wa diloli uwar kaset da kwalaye. Dila shi zai sayi kaset maras komai, ya kwafa da injinansa, ya saka a kwali ya sayar. Rabon furodusa yana cikin kuɗin kwalin nan. Kun ga ke nan, a aikace haƙƙin mallakar fim ba a hoto ko murya yake ba, a jikin kwali yake. Wanda ya buga kwalin jabu shi ne ɓarawo. Brian Larkin, wani masani da ya yi bincike a Kano, ya bayyana wannan tsari a rubuce-rubucensa.

Abin mamaki, a lokacin akwai dokar haƙƙin mallaka ta tarayya tun 1988. Dokar ta ce idan za ka miƙa wa wani haƙƙin aikinka, sai a rubuce. Ta kuma ce wanda ya ɗauki nauyin shirya fim shi ne mai fim, sai fa idan yarjejeniya ta faɗi akasin haka. Amma a Bata amana ce takarda. "Alhaji, Allah ya sa albarka," a yi musafaha, shi ke nan. Ni ban raina wannan tsari ba, wallahi, don shi ya ɗauki masana'antar lokacin da babu bankin da zai kalli ɗan fim. Matsalarsa ita ce yana aiki ne muddin kowa ya san kowa kuma kuɗin ba su yi yawa ba. Da kasuwa ta buɗe bayan Sangaya, sai tambayoyi suka taso. Marubucin da aka ba ɗan abin da aka ba shi, labarin ya sayar ko aro ya bayar? Dilan da ya zuba kuɗi tun kafin a fara ɗauka, bashi ya bayar ko ya zama mai fim? Babu takardar da za a buɗe a duba.

Labarin ma daga ina? Wasu daga littattafai, kamar In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu, waɗanda masu su na nan a gari, ana iya zama da su a daidaita. Wasu kuwa wankiyar fim ɗin Indiya ce tsaf. Doka ba ta hana ka ɗaukar jigo ba, soyayyar talaka da 'yar mai kuɗi ba ta kowa ba ce. Amma ka kwashe fim fitowa bayan fitowa, wannan sai da izinin mai shi. Nisan Bombay ne ya rufa wa mutane asiri.

Sai gwamnati ta shigo. Tarayya ta kafa hukumar tace finafinai ta ƙasa a 1993, wadda ke kallon fim bayan an gama shi. A Disambar 2000, bayan ƙaddamar da Shari'a, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta janye lasisin masu shirya fim da masu sayarwa. Aka yi ta zama da shugabannin 'yan fim, har aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001. Wani zai ce, hukuma biyu a kan fim ɗaya? E, tsarin mulkin 1999 ya sa tace fim cikin abubuwan da tarayya da jiha duk suke da hurumi a kai. Ma'ana takardar Abuja ba ta wadatar da kai a kasuwar Kano. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Babban juyin ya zo a 2007. A watan Agusta wani bidiyon waya na wata 'yar fim ya bazu, gari ya ɗau zafi, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta naɗa Malam Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar. Aka dakatar da ɗaukar fim har zuwa Fabrairun 2008. Da aka buɗe, sai ga sharuɗɗa: kamfani ya yi rajista, ya nuna jarin da bai gaza Naira miliyan 2.5 ba, 'yan wasa da ma'aikata su yi rajista, a kawo rubutaccen labari a duba, a sanar da wurin da za a yi ɗauka. Ku duba da kyau, duk waɗannan kafin a kunna kyamara ne. Da doka a ƙofar kasuwa take jiran fim. Yanzu ta taso ta zauna kusa da marubuci.

Kuma akwai kotun tafi-da-gidanka da ke aiki da hukumar. A Satumbar 2007 ta ɗaure Adam A. Zango wata uku kan kundin waƙoƙinsa na Bahaushiya. A Oktobar 2008 marigayi Rabilu Musa Ibro ya samu wata biyu, kuma cikin tuhumar har da gudanar da kamfani ba rajista.

Amma shari'ar da ta fi nuna abin da nake faɗa ita ce ta Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama. Fim ɗinsa Tsintsiya labarin zaman lafiya ne tsakanin Musulmi da Kirista, ofishin jakadancin Amurka ya tallafa, har ya ci kyauta a bikin finafinai na Zuma a Abuja. An kama shi a Mayun 2008. Tuhumar ba ta ce ga wata fitowa ta batsa ba. Abu biyu ne: kamfaninsa ba shi da rajistar hukumar, kuma ya saki fim a Kano ba tare da hukumar Kano ta tace ba. Shi kuma ya ce ya biya kuɗin sabunta rajistarsa, fim ɗin yana da takardar hukumar ƙasa, kuma bai sake shi don kasuwar Kano ba. A ƙarshen Disambar 2008 aka yanke masa hukunci, ya shiga gidan yari. A Maris 2009 babbar kotu ta soke hukuncin ta ce a sake shari'ar, bayan mutum ya riga ya kwashe wata biyu da rabi a ciki. Rasit da satifiket, jama'a, a kansu aka yi wannan dambarwa. A ganina tsara sana'a ba laifi ba ne, amma idan sharaɗi ya zama jarin miliyoyi, yaron da ke da labari mai kyau da kyamarar aro an riga an cire shi. Da yawa suka tattara suka koma Kaduna da Jos da Abuja suna ɗauka.

Yau kasuwar kaset da faifai ta mutu, fim ya koma YouTube da tashoshi irin su Arewa24. Wasu matasa na ɗaukar cewa tunda babu kwali babu dila, babu ruwansu da hukuma. To a Satumbar 2021, zamanin Isma'ila Na'abba Afakallahu, hukumar ta hana finafinan da ke nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya, wanda hukunci ne a kan labari tun yana takarda. A Mayun 2025, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta dakatar da finafinai masu dogon zango guda 22, har da Labarina da Daɗin Kowa, kan sakin su ba a kawo an tace ba.

Ɗaya takardar kuwa, wadda ba gwamnati ke nema ba, ta tsakanin marubuci da furodusa da mai kiɗa da mai kuɗi, ita ce har yanzu ake jin nauyin rubutawa. Wai kada a ce ba ka yarda da ɗan'uwanka ba. Alhali yanzu YouTube na iya sauke bidiyo ko ya karkatar da kuɗinsa saboda kiɗan da ba a nemi izininsa ba, ba sai an je kotu ba. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, ta shigo da abin da ake ɗorawa a intanet, kuma ta bar wancan sharaɗi na 1988 yadda yake: miƙa haƙƙi sai a rubuce.