Mai Tsara Kiɗa: Asalin Sana'ar da Ake Yi a Bayan Fage

Ranar 12 ga Fabrairun 1924 aka fara kaɗa "Rhapsody in Blue" a gaban jama'a, a zauren Aeolian da ke birnin New York, kuma har gobe sunan George Gershwin ake kira idan an ambaci kiɗan. Shi ya ƙirƙiro shi, babu ja a kan wannan. Sai dai abin da ya miƙa wa ƙungiyar makaɗan Paul Whiteman rubutu ne da aka yi domin fiyano biyu. Wani mutum dabam mai suna Ferde Grofé shi ya zauna ya yi rabo: wannan gaɓa ta mai kilarinet ce, waccan ta masu ƙaho, nan goge zai shigo, can kowa zai yi shiru a bar fiyano ita kaɗai. Wannan aiki shi ne tsara kiɗa, kuma mai yin sa shi ke yanke abin da kunne zai ji, alhali ba kasafai ake sanin sunansa ba.

Aikin yana da rassa, kowanne da sunansa a wurin masu sana'ar. Akwai wanda yake ɗauko kiɗan da aka rubuta wa wani kayan kiɗa ya mayar da shi ga wani ba tare da ya taɓa komai ba. Akwai wanda yake raba sautuka ga makaɗa masu yawa, kamar Grofé. Akwai kuma mai 'yancin ƙara gabatarwa, ya sauya sauri, ya sake kari, har tsohuwar waƙa ta fito tamkar sabuwa. A aikace mutum ɗaya kan yi duka ukun.

Tushen abin bukata ce. Kiɗa na nan, amma kayan da aka rubuta shi dominsu babu su a kusa. Mafi tsufan rubutun kiɗan ogan da ya rage a Turai, wato kundin Robertsbridge na wajen 1360, yana ɗauke da waƙoƙin muryoyi da wani ya mayar domin yatsun mutum ɗaya. Johann Sebastian Bach, lokacin da yake aiki a fadar Weimar a Jamus wajen 1713, ya riƙa ɗaukar ayyukan Vivaldi na Italiya yana mayar da su na ogan. Franz Liszt ya kai abin ƙololuwa, domin manyan kaɗe-kaɗen Beethoven guda 9, waɗanda sai an tara makaɗa da dama, ya matse su duka cikin fiyano ɗaya. Kafin garmaho ya shiga gidaje, ta wannan hanya mutanen ƙananan garuruwa suke jin abin da ake kaɗawa a manyan birane: a sayo takarda, mutum biyu su zauna kan fiyanon falo su kaɗa.

Duk waɗannan manyan makaɗa ne masu yin tsari a gefe. Zamansa sana'a mai cin gashin kanta a Amurka ya kankama, a kamfanonin buga waƙoƙi na New York da ake wa laƙabi da Tin Pan Alley. Da yawa cikin masu ƙirƙiro waƙa a can ba su ƙware a rubutun kiɗa ba. Irving Berlin, wanda ya yi "White Christmas", a mataki ɗaya na sauti ya saba kaɗa fiyano, har ya sayi wata mai sanda a jiki da ake turawa ta sauya matakin. Shi zai rera ya laluba, wani gwani na gefe yana rubutawa yana cike gurabe. Kamfanoni suka ɗauki irin waɗannan gwanaye aiki, kowace waƙa a fitar mata da tsarin gidan rawa, da na badujala, da na mai fiyano shi kaɗai.

A kiɗan jaz ne mai tsari ya zama ginshiƙi. A New Orleans, inda jaz ya taso, makaɗa biyar zuwa bakwai kan yi kiɗa kowa na ƙaga nasa nan take, suna sauraron juna. Da gidajen rawa suka faɗaɗa aka bukaci makaɗa goma ko fiye, sai wannan hanya ta gaza, domin masu ƙaho da yawa kowa na bin son ransa hayaniya ce kawai. Don Redman, wanda ya yi wa ƙungiyar Fletcher Henderson tsari daga 1923 zuwa 1927, yana cikin na farko da suka warware matsalar. Ya kasa masu busa gida biyu, masu ƙahon tagulla a gefe ɗaya, masu saksofon da kilarinet a ɗaya gefen, wannan ya faɗa wancan ya karɓa, kamar mawaƙi da 'yan amshinsa. A tsakani ya bar sarari domin gwani ɗaya ya miƙe ya baje kolinsa. Da Louis Armstrong ya shigo ƙungiyar a 1924, salon businsa ya sa Redman ya sassauta rubutunsa, ya ba shi rangaji.

Abin da ya biyo baya ya nuna wa ke shan wahala, wa ke cin moriya. Henderson baƙar fata ne, gwani a kiɗa, amma ba shi da hannun riƙe kasuwanci, kuma ƙungiyarsa ta watse a 1934. Benny Goodman, farar fata mai busa kilarinet, ya samu gurbi a wani shirin rediyon NBC yana neman sababbin tsare-tsare ruwa a jallo, sai ya riƙa saye daga hannun Henderson. Ranar 21 ga Agustan 1935, a gidan rawa na Palomar da ke Los Angeles, matasa suka yi ca a gaban dandamali da jin waɗannan tsare-tsare, kuma daga wannan dare marubuta tarihi da dama suke ƙidaya farkon zamanin kiɗan suwing. Goodman aka naɗa wa sarautar wannan kiɗa. A yi masa adalci, bai taɓa ɓoye bashin da Henderson ke bin sa ba. Amma a 1939 Henderson ma'aikaci ne a ƙungiyar Goodman.

Doka ma ba ta tsaya wa mai tsari sosai ba. Kason da ake biya duk lokacin da aka sayar da faifai ko aka sa waƙa a rediyo na wanda ya ƙirƙiro kari da baituka ne, shi da kamfaninsa. Mai tsari galibi sau ɗaya ake sallamarsa. Wani lokaci ko sunan ba ya samu. Nelson Riddle ne ya tsara "Mona Lisa" da Nat King Cole ya rera a 1950, amma sunan Les Baxter aka sa a faifan. Sai da ya fara aiki da Frank Sinatra a 1953 duniya ta san shi. Inda reshe ke juyewa da mujiya shi ne waƙar gargajiya marar mai ita, domin a nan wanda aka rubuta a matsayin mai tsari shi ke kwashe kason. Haka ta faru da "The House of the Rising Sun" ta ƙungiyar The Animals a 1964: sunan Alan Price kaɗai aka sa, abokan kiɗansa suka tashi a tutar babu, kuma abin ya daɗe yana ci musu rai.

Iyakar da ke tsakanin tsarawa da ƙirƙira har kotu ta kai mutane. Matthew Fisher, wanda ya kaɗa ogan a "A Whiter Shade of Pale" ta 1967, ya ce sautin da kowa ke gane waƙar da shi nasa ne. A 2006 wata babbar kotu a Landan ta ba shi kashi 40 cikin 100 na haƙƙin kiɗan, kuma Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda ita ce kotun ƙoli a lokacin, ta tabbatar masa a 2009, shekara 42 bayan fitar faifan.

Da ɗakin ɗaukar sauti ya zama wurin da ake gina waƙa, sai aikin ya sake riga. George Martin ne ya ba da shawarar a sa masu goge huɗu a "Yesterday" ta The Beatles a 1965, ya kuma rubuta musu abin da za su kaɗa, amma furodusa ake kiransa. Quincy Jones, wanda ya tsara wa Sinatra "Fly Me to the Moon" a 1964, shi ne furodusan "Thriller" na Michael Jackson a 1982. A 1983 aka fito da tsarin MIDI mai haɗa kayan kiɗan lantarki da juna da kuma kwamfuta, sannan kamfanoni irin su Yamaha suka cika kasuwa da fiyanon da ke kawo ganga da jita da goge da kanta idan aka danna.

Irin wannan fiyano ce ta shigo situdiyoyin Kano a shekarun 1990, lokacin da finafinan Hausa suke tasowa da waƙoƙinsu. Mawaƙi ya zo da baitukansa da karin muryarsa, mai fiyano ya saurara, ya zaɓi sauri, ya ɗora ganga, ya nemi sautin da ya yi kama da sarewa ko kalangu, ya yanke inda amshi zai faɗo. Aikin Redman ne da Riddle, ba tare da takarda ba. Shi ma yawanci kuɗin aikin ranar ne rabonsa, ko da waƙar ta game gidajen biki. Bambancin kawai, mawaƙan Hausa sun gaji al'adar ambaton makaɗinsu a cikin waƙa, don haka sau da yawa mai sauraro kan ji sunan mai fiyanon da na situdiyon kafin a shiga baitin farko.