Littattafan Magani Na Sarkin Musulmi Bello: Siffarsu Da Hannuwan Da Suka Ratsa



Da yawa daga cikinmu sun san Muhammadu Bello ɗan Shehu, wanda ya yi sarautar Musulmi daga 1817 zuwa 1837, a matsayin jagoran daula. Kaɗan ne suka san ya wallafa littattafan magani da Larabci, ciki har da wanda ya yi a kan ciwon ido da wani a kan amfanin ganyen filasko.

Wanda ya taɓa riƙe kwafin irin waɗannan littattafai zai ga ba ɗinkakku ba ne. Warƙoƙi ne a sake, a tsakanin tadarishi, a cikin gafaka. Don kada su cakuɗe, marubuci kan rubuta kalmar farko ta warƙa mai zuwa a ƙasan wadda ta gabace ta. Matani da baƙar tawada, kanun babi da ja, gefe kuma na sharhin ɗalibai ne, wani lokaci da sunan ganye a ajami.

Takardar ita ma shaida ce. Idan aka ɗaga ta ga haske, sau da yawa akan ga tambarin jinjirin wata uku, na masana'antun arewacin Italiya. Daga Tarabulus ayari ke ɗauko ta, ya keto Sahara ta Agadas zuwa Katsina da Kano. Wato iyakar da muke gani yau a Jibiya ba ta taɓa tsare takarda ko ilimi a wancan zamani ba. Da wannan tambari masana ke ƙiyasta shekarun kwafi.

Tarihin mallaka kuwa yana shafin ƙarshe. Nan mai kwafi kan ambaci sunansa da wanda ya rubuta wa, sannan wanda ya saya ko ya gada ya ƙara nasa. Ta haka wasu kwafe-kwafe suka tsira a ɗakin karatun Wazirin Sakkwato Junaidu, wanda ya rasu a 1997. Wasu kuma an tattara su a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, da Gidan Arewa na Kaduna, wanda aka kafa a 1970.

Sauran fa? Suna zaurukan malamai, gara da damina na cinsu. Mafi muni shi ne ranar rabon gado, idan aka kasa littafi guda tsakanin magada. Littafin magani da aka raba shi, sunan cuta na hannun wa, adadin magani na hannun ƙane, ba ya warkar da kowa.

Saboda haka, ɗan uwa, in akwai gafaka a gidanku, ɗauki hoton kowace warƙa a jere, fara da shafin ƙarshe, kuma kada ka sake tsarinsu. Allah Ya jiƙan magabata, Ya sa mu riƙe amanarsu.